Yadda ake gwajin koma-baya ga gutsura fakiti da harhaɗa shi a kanel ɗin Linux

Kowace hanyar sadarwa tana da iyakar girman fakitin da take ɗauka a tashi ɗaya, wato MTU. A kan Ethernet iyakar bayit 1500 ce. Idan fakiti ya fi ƙarfin hanyar, sai a gutsura shi, kowane gutsure ya tafi da goshinsa na IP, a can ƙarshe kanel ɗin mai karɓa ya tattara su ya mayar da su yadda suke. Tsarin yana nan tun RFC 791, takardar ƙa'idar IPv4 ta 1981, kuma lambobin da ke yin aikin a Linux ba su da yawa: `net/ipv4/ip_fragment.c`, `net/ipv4/inet_fragment.c`, `net/ipv6/reassembly.c`, sai ɓangaren gutsurawa a `ip_output.c` da `ip6_output.c`. Duk da ƙanƙantarsu, wurin ya sha jawo wa tsare-tsaren kwamfuta masifa. Ping of Death na 1996 da Teardrop na 1997 ta ƙofar harhaɗa gutsattsari suka shiga, haka ma FragmentSmack da ya girgiza Linux a 2018.

Abin da ya sa wurin ke da haɗari shi ne, yawancin zirga-zirgar yau ba ta bi ta nan. TCP kan auna hanya ya rage girman kayansa tun daga gida, saboda haka mutum zai iya lalata harhaɗawa gaba ɗaya, ya buɗe shafukan intanet lafiya lau, bai san ya yi ɓarna ba. Sai an jima masu manyan amsoshin DNS ko masu ramukan VPN su fara kuka. Gwajin koma-baya shi ne mai gadin da ke hana gyaran yau ya tone ramin da aka cike jiya. Amma fa gwajin da kawai ya ce "amsa ta dawo" bai tabbatar da komai ba. Kafin ka aika ko gutsure ɗaya, dole ka rubuta abin da kake sa ran kanel zai yi: bayit ɗin da za su isa, alƙaluman da za su motsa, da abin da zai rage a ma'adana bayan an gama.

Mataki na farko: shirya kanel ɗin gwaji

Kada ka yi wannan aiki a kan kwamfutar da kake aiki da ita. Gina kanel ɗin ka tayar da shi cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, ko ka yi amfani da virtme-ng don saurin tashi. Kunna `CONFIG_KASAN` don kama taɓa ma'adanar da aka riga aka saki, `CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK` don kama wadda aka manta ba a saki ba, da `CONFIG_PROVE_LOCKING` don rikicin makullai. Layin harhaɗawa, inda kanel ke tara gutsattsarin fakiti ɗaya har su cika, yana da agogo, kuma agogon na iya bugawa a daidai lokacin da gutsure na ƙarshe ke shigowa ta wani CPU, don haka ba wa na'urar aƙalla CPU biyu.

Mataki na biyu: gina hanya mai matsattsen wuri

Ba ka buƙatar kwamfuta uku. Keɓantattun ɗakunan sadarwa na `ip netns` sun wadatar: mai aikawa `a`, rauta `r`, mai karɓa `b`.

```
for n in a r b; do ip netns add $n; done
ip link add a0 netns a type veth peer name r0 netns r
ip link add r1 netns r type veth peer name b0 netns b
ip -n a addr add 192.0.2.1/24 dev a0
ip -n r addr add 192.0.2.2/24 dev r0
ip -n r addr add 198.51.100.2/24 dev r1
ip -n b addr add 198.51.100.1/24 dev b0
ip -n r link set r1 mtu 1400 up
ip -n b link set b0 mtu 1400 up
ip -n a link set a0 up
ip -n r link set r0 up
ip -n a route add default via 192.0.2.2
ip -n b route add default via 198.51.100.2
ip netns exec r sysctl -w net.ipv4.ip_forward=1
```

Da gangan aka zaɓi 1400. Matsayin gutsure a goshin IPv4 ana ƙirga shi ne da tubali mai bayit 8, don haka duk gutsuren da ba na ƙarshe ba dole tsawonsa ya rabu da 8. A MTU 1500, idan ka cire goshi 20 saura 1480, wanda ya rabu daidai, kuma kanel mai kuskuren lissafi zai tsallake ba a gane ba. A 1400 kuwa saura 1380, wanda bai rabu ba, dole a sauko zuwa 1376.

Ka rushe ɗakunan ka sake gina su kafin kowane gwaji. Ta haka alƙaluma na farawa daga sifili, kuma abin da kanel ya tuna game da MTU ɗin wata hanya a gwajin baya ba zai biyo ka ba. Sannan ka aika ƙaramin ping ɗaya tukuna don ARP, mai nemo adireshin katin maƙwabci, ya kammala, kada gutsattsarinka su maƙale suna jiran adireshi. Adireshin IPv6 kuma ka saka shi da `nodad`, in ba haka ba zai ɗan jima bai fara aiki ba.

Mataki na uku: yi lissafi da hannu, sannan ka duba waya

```
ip netns exec a ping -c 1 -M dont -s 4000 198.51.100.1
```

Kayan 4000 da goshin ICMP 8 sun zama 4008. `a` zai raba su uku: 1480, 1480, 1048. Biyun farko sun fi ƙarfin 1400, sai rauta ta sake raba kowanne zuwa 1376 da 104. Ke nan gutsattsari biyar za su isa `b`, a matsayi 0, 1376, 1480, 2856, 2960. Buɗe `tcpdump -nvi b0` a cikin `b` ka gwada layi bayan layi.

Ka tsaya a kan waɗancan ƙanana masu bayit 104. Kowannensu shi ne ƙarshen gutsuren da aka sake rabawa, amma ba shi ne ƙarshen fakitin ba. Dole tutar MF, mai cewa saura na tafe, ta ci gaba da kasancewa a ɗage a kansu, kuma dole matsayinsu ya haɗa da matsayin uwar da aka gutsuro su daga gare ta. Wanda ya rubuta gutsurawa yana tunanin cikakken fakiti kaɗai zai sauke tutar a nan, mai karɓa ya ɗauka fakitin ya ƙare a bayit 1480. Gwajin da ba shi da rauta a tsakiya ba zai taɓa ganin wannan ba.

Sai alƙaluma. Karanta su da `nstat -asz` a kowane ɗaki, domin `nstat` kawai yana nuna bambanci ne da tarihin da ya ajiye a fayil, kuma fayil ɗin bai san ɗaki ba. A `b` ana sa ran `IpReasmReqds` 5, `IpReasmOKs` 1, `IpReasmFails` 0, da `IpFragCreates` 3 na amsa. A `r`, `IpFragOKs` 2 da `IpFragCreates` 4. Rubutun gwajinka ya nemi waɗannan lambobi daidai, ba "fiye da sifili" ba.

Juya gwajin da `-M do -s 1472`. Fakitin ya cika 1500 cif, yana ɗauke da tutar DF, don haka rauta ba ta da izinin raba shi. Za ta jefar da shi ta mayar da ICMP nau'i 3 lamba 4 ɗauke da 1400, kuma `ip -n a route get 198.51.100.1` zai nuna cewa `a` ya koyi darasin. Gwada bakin iyaka ma: 1372 ya wuce, 1373 ya dawo da ƙorafi.

Mataki na huɗu: ƙera gutsattsari da kanka

Ping na aika abu cikin ladabi ne kawai. Don ka hargitsa tsari kana buƙatar Scapy, kayan aikin Python na ƙera fakiti, ko ɗanyen soket. Aika daga `r` kai tsaye zuwa `b`, inda wani ɗan shiri ke sauraron UDP yana gwada abin da ya iso da abin da aka aika, bayit bayan bayit.

```
kaya = b"".join(struct.pack("!I", i) for i in range(1000))
p = IP(src="198.51.100.2", dst="198.51.100.1", id=7)/UDP(sport=4000, dport=9000)/kaya
g = fragment(p, fragsize=1000)
```

Kayan cikin nan ba na ado ba ne. Kowane bayit huɗu na ɗauke da lambar gurbinsu, don haka babu wuri biyu masu kama ɗaya. Dalilin yana da muhimmanci: lissafin tantancewar UDP tarawa ce ta kalmomi masu bit 16, kuma tarawa ba ta damu da wanda ya riga wani ba. Idan kanel ya musanya gurbin gutsattsari biyu masu tsawo ɗaya, jimillar ba za ta canza ba, fakitin zai wuce a matsayin lafiyayye. Wanda ya cika kayansa da sifili ko da harafi ɗaya ya rufe wa kansa ido ke nan.

Gutsattsarin nan biyar ne, huɗu masu 1000 da ɗaya mai 8. Hanyoyin jera su 120 ne kacal, to gwada su duka, kowanne da sabuwar lambar shaida, wato `id` na goshin IP. Bayan haka ka cuɗanya fakiti biyu: masu lambar shaida daban, sai masu lamba ɗaya amma ɗaya UDP ɗaya ICMP. A IPv4 ana gane layi ne da adireshin mai aikawa, na mai karɓa, nau'in yarjejeniya da lambar shaida, don haka bai kamata su gauraya ba. Idan za ka cuɗanya da yawa, ka tuna da `ipfrag_max_dist`, wanda asalinsa 64 ne: in gutsattsari sun yi yawa daga tushe ɗaya tsakanin biyu na layi guda, kanel zai zubar da abin da ya tara ya fara sabo. Ko dai ka mayar da shi 0, ko ka ware masa gwajinsa.

Mataki na biyar: masu hawa juna da masu maimaituwa

Nan ne zuciyar aikin, kuma tarihin wurin kansa ya isa hujja. RFC 5722 na 2009 ya ce a IPv6, da zarar gutsattsari biyu sun hau juna, a zubar da fakitin gaba ɗaya. A IPv4 Linux ya daɗe yana datse wurin da aka hau ya ci gaba. Bayan FragmentSmack, mai lamba CVE-2018-5391, aka sauya: daga kanel 4.19 ana ajiye gutsattsarin IPv4 a bishiyar bincike maimakon dogon jeri, kuma hawa juna na kashe layin duka. Sai dai wannan tsaurin ya haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Hanyoyin sadarwa kan ninka fakiti ba tare da mugun nufi ba, kuma gutsuren da ya iso sau biyu ya zama kamar ya hau kansa. Aka dawo aka sake faci don a jefar da kwafin kaɗai a bar layin da ransa, abin da RFC 8200 ma ya yarda da shi a fili. Gyaran tsaro ne ya haifi koma-baya, kuma gwaji ɗaya mai sauƙi zai iya kama shi tun farko.

Saboda haka ka raba gwaje-gwajen filla-filla. Gutsure ya iso sau biyu daidai da daidai: fakiti ya isa, sau ɗaya tak. Gutsure ya faɗa gaba ɗaya cikin wurin da aka riga aka karɓa amma da kaya daban: fakiti ya isa da kayan farko, ba na biyu ba. Gutsure ya fara a cikin wanda ya gabata ya zarce gabansa, misali daga 992 zuwa 2000 alhali an karɓi 0 zuwa 1000: kada komai ya isa, `IpExtReasmOverlaps` ya ƙaru da ɗaya. Sai ka juya, mai hawan ya riga isowa.

Tabbatar da cewa wani abu bai iso ba yana da wuya fiye da yadda ake zato. Mutane kan sa `sleep 2` su leƙa, in babu komai su ce an ci. To idan mai sauraron ne ya mutu fa, ko adireshin ne aka rubuta ba daidai ba? Abin da ya fi shi ne, bayan mugun jerin ka aika ƙaramin fakitin shaida ta hanya ɗaya zuwa tashar guda. Mai sauraro ya jira shi. In shaida ya iso shi kaɗai, an ci. In wani abu ya riga shi, an faɗi. In bai iso ba sam, gwajin ne ya lalace, kuma wannan hukunci na uku ne daban.

Akwai wani abin da ke rikita lissafi a nan. Bayan an kashe layi, gutsattsarin da suka biyo baya masu lambar shaida ɗaya za su buɗe sabon layi wanda ba zai taɓa cika ba, ya zauna har agogo ya share shi. In ka duba ma'adana nan take za ka ga saura ka zaci yoyo ne.

Ragowar miyagun siffofi ba sa buƙatar dogon bayani, amma kowace ta samu layinta. Gutsure a matsayi mafi nisa, 65528, da kayan da suka tura jimilla sama da 65535. Gutsattsari biyu kowanne na cewa shi ne na ƙarshe amma ƙarshensu ya bambanta. Gutsure marar kaya ko kaɗan. Gutsattsarin fakiti ɗaya da wasu ke ɗauke da alamar ECN, ta sanar da cunkoson hanya, wasu babu, wanda Linux ke zubarwa.

Mataki na shida: agogo da ma'adana

Asalin lokacin jira daƙiƙa 30 ne a IPv4, 60 a IPv6. Rage shi a `b` da `net.ipv4.ipfrag_time=1`, ka kuma sa `net.ipv4.icmp_ratelimit=0`, don kada taƙaita saƙonnin kuskure ta haɗiye wanda kake jira. Gwaji biyu ne. Ka riƙe gutsure na tsakiya: bayan daƙiƙa ɗaya ICMP nau'i 11 lamba 1 ya dawo, `IpReasmTimeout` da `IpReasmFails` su ƙaru. Ka riƙe na farko: alƙaluman su ƙaru amma kada ICMP ya fito, domin babu goshin da za a kwafa a ciki.

Layin `FRAG` na `/proc/net/sockstat` yana nuna yawan layukan da ke buɗe da ma'adanar da suka ci. A ƙarshen kowane gwaji, bayan agogo ya buga, dole duka biyun su koma sifili. Wannan duba ɗaya ya fi daraja fiye da gwaje-gwaje goma na ping, domin kuskuren ƙirga ma'adana ba ya nuna kansa sai ranar da ya taru ya kai `ipfrag_high_thresh`, wanda asalinsa 4194304 ne, kanel ya daina buɗe sabbin layuka alhali babu komai a hannunsa. Gwada iyakar da gangan: rage ta tare da `ipfrag_low_thresh`, cika ta da fakitin da ba su kammala ba, tabbatar an ƙi sababbi, jira agogo, sannan ka tabbatar lafiyayyen fakiti ya sake haɗuwa.

Sai gwajin da na fi so a ga kowa ya saka: bar ɗaruruwan layuka a buɗe ka goge ɗakin da `ip netns del b` yayin da agogunansu ke gab da bugawa. Maimaita shi sau da yawa a jere. A nan KASAN ke cin abincinsa.

Don tsadar CPU, aika gutsattsari masu bayit 8 cikin hargitsattsen tsari, ka auna lokacin dubu biyu da na dubu huɗu. Kada ka kafa iyaka da daƙiƙa, domin na'urori sun bambanta. Dubi rabon: in ninka yawa sau biyu ya ninka lokaci sau huɗu, dogon jerin da ya jawo FragmentSmack ya dawo ta wata ƙofa.

Mataki na bakwai: IPv6 da katangar tsaro

Kada ka ɗauka sauya adireshi ya isa. A IPv6 rauta ba ta gutsura komai, sai dai ta mayar da ICMPv6 nau'i 2, kuma MTU ba ta sauka ƙasa da 1280. Bayanin gutsure yana cikin ƙarin goshi mai bayit 8, da lambar shaida mai bit 32. Gutsuren da ba na ƙarshe ba wanda tsawonsa bai rabu da 8 ba yana jawo saƙon matsalar sigogi, alhali a IPv4 Linux datse shi yake yi. Akwai kuma gutsure tilo, mai matsayi 0 ba tare da tutar saura ba, wanda RFC 6946 ya ce a kula da shi shi kaɗai: buɗe layi da wata lambar shaida, aika tilon da lambar guda, ka tabbatar ya isa kuma layin bai taɓu ba. Sai dokar RFC 7112 cewa gutsure na farko ya ƙunshi dukkan jerin goshi har na TCP ko UDP.

Daga nan ka maimaita komai da conntrack, ɓangaren katangar tsaro mai bin sawun haɗe-haɗe, a kunne. Doka ɗaya mai `-m conntrack` a `r` ta isa ta sa rauta ta harhaɗa fakiti kafin ta wuce da shi. Ping ɗin mataki na uku zai isa `b` a gutsattsari uku, 1376, 1376, 1256, maimakon biyar. A IPv6 wannan hanya tana da fayil ɗinta daban, `nf_conntrack_reasm.c`, da nata agogo da iyakar ma'adana, don haka gyara a wuri ɗaya ba ya nufin an gyara ɗayan.

Mataki na takwas: ka ga gwajin ya faɗi

Kafin ka amince da sabon gwaji, cire facin, wato gyaran kanel da gwajin ke gadi, da `git revert`, gina, gudanar. Dole ya faɗi, kuma saboda dalilin da ka yi tsammani. Mayar da facin, dole ya ci. Gudanar da shi sau ɗari a jere yayin da na'urar ke fama da wani nauyi. In akwai bazuwar tsari a ciki, buga lambar seed da aka fara bazuwar da ita don a iya maimaita faɗuwar. Ka kuma sa rubutun ya karanta `dmesg` da `/sys/kernel/debug/kmemleak` a ƙarshe, domin gargaɗin KASAN faɗuwa ne ko da kowane bayit ya isa.

Ajiye shi kusa da 'yan uwansa a `tools/testing/selftests/net`, inda `ip_defrag.sh` da `pmtu.sh` suke, ka karanta su tukuna don kada ka maimaita abin da ke akwai. Ana gudanar da su da `make -C tools/testing/selftests TARGETS=net run_tests`. A can lambar fita 0 nasara ce, 1 faɗuwa, 4 kuma tsallakewa saboda wani abin buƙata babu. Ranar da gwajin ya faɗi a sabon kanel, `git bisect run` zai nemo maka sauyin da ya jawo, amma shi a wurinsa tsallakewa 125 ce, kuma zai ɗauki 4 a matsayin faɗuwa ya kai ka ga sauyin da ba shi da laifi. Ka lulluɓe gwajin da ɗan rubutun da zai gina kanel, ya tayar da shi, ya mayar da 4 da duk gazawar gini zuwa 125. Idan ya nuna maka sauyin, cire shi kaɗai a kan sabon kanel ka sake gudanar da gwajin kafin ka sa lambarsa a layin `Fixes:` na facinka.